Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Kafin A Tayar Da Masana'antun Kaduna

Duk wanda ya tashi a Makera ko Kakuri a zamanin da masaƙu ke aiki ya san kwatar nan da ke ratsa bayan unguwa ta gangara Kogin Kaduna. Mu muna yara "ruwan kala" muke ce mata. Da safe in za mu makaranta sai mu tarar da ita shuɗiya kamar an jiƙa baba, da azahar ta koma ja, wata rana kuma baƙa wuluk tana tururi, kumfa ya taru a gindin gada. Mukan yi gasar cankar launin atamfar da ake bugawa a ranar. Wanda ya kuskura ya tsoma ƙafa kuwa, da daddare sai susa, tsakanin yatsunsa ya yi fari ya tsattsage. Can ƙasa, inda kwatar ke haɗuwa da kogi, masu lambu ne ke jan ruwan nan suna ba alayyafo da latas da kabeji, washegari a kawo kasuwa mu saya mu ci.

Mahaifina a sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun ya yi aiki, kusan shekara ashirin. Tafin hannunsa bai taɓa komawa launinsa na asali ba, ko da ya yi alwala sau biyar. Ana ba su gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji daga abin da suka shaƙa. Shi kuwa sai ya sako ta a aljihu ya kawo gida. Inna takan ce, "Malam, kai fa aka ba don ƙirjinka." Ya ce, "Bar yara su sha, ni na riga na saba." Tarin da ya yi ta fama da shi har ƙarshen rayuwarsa, a gidanmu ba wanda ya taɓa kiransa da wani suna sai tarin masaƙa.

Ban kawo wannan don in zagi masaƙa ba. Da albashinta aka biya mana kuɗin makaranta, da ita aka gina ɗakuna biyun da muka girma a ciki. Na kuma ga abin da ya biyo bayan rufewar masaƙun: magidantan da suka koma acaɓa da furfura a kansu, matan da suka koma wankau, gidajen hayar da aka kori mutane daga ciki. Ina cikin masu addu'ar Allah Ya nuna mana ranar da jiniyar canjin aiki za ta sake kaɗawa a Kakuri. Abin da nake tsoro shi ne irin dawowar. Kusan duk mai maganar farfaɗo da masana'antun Kaduna, abin da ke ransa shi ne a kakkaɓe ƙura, a shafa fenti, a sauya bawul ɗin da ya yi tsatsa, a kunna inji yadda yake a da. Ni kuwa ina ganin wannan shirun da injinan suka yi shi ne dama mafi araha da za mu taɓa samu ta sake zana su daga tushe, ta yadda haɗarin zai fita tun a kan takarda, kafin a kai ga raba wa ma'aikaci madara.

Mu tuna shekarun waɗannan gine-gine. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, a 1957 ta fara aiki, zamanin Sardauna, sauran irin su Nortex da UNTL da Arewa suka biyo baya a shekarun 1960. Kamfanin takin sufa na tarayya, wanda ke haɗa asid ɗin farar wuta da kansa, a 1976 ya tashi. Matatar mai da kamfanin Chiyoda na Japan ya gina a hanyar Kachia an buɗe ta a 1980, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa ganga 110,000 a rana, sannan a 1988 aka ƙara mata sashen da ke yin sinadarin LAB, wanda da shi ake yin omo da sabulun ruwa, mai ƙarfin tan 30,000 a shekara. Duk waɗannan an zana su ne kafin Najeriya ta san mene ne dokar muhalli. Hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA, sai a ƙarshen 1988 aka kafa ta, bayan da aka jibge mana gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. Dokar da ta wajabta binciken tasirin aiki ga muhalli kafin a fara gini kuwa ta 1992 ce. Injiniyoyin da suka zana masana'antunmu ba mugaye ba ne, sun yi aiki da ilimin zamaninsu, kuma a zamanin nan kogi shi ne bola, sararin sama shi ne bututun hayaƙi.

Sannan sun zana su ne a daji. Lokacin da aka kafa matatar, tsakaninta da gari tafiya ce ta gonaki da kurmi, sai ƙauyukan Gbagyi jefi-jefi. Yau wanda ya bi ta Sabon Tasha ya nufi Mararrabar Rido zai ga gidaje da makarantu da masallatai da coci-coci sun matso har kusa da shinge. Kakuri da Nasarawa da Tirkaniya da Kudenda kuwa ba a ma iya cewa ga inda masana'anta ta ƙare ga inda unguwa ta fara. Zanen da ya dace da daji a 1980 ba zai dace da tsakiyar jama'a a yau ba, ko da kowane ƙarfe a cikinsa sabo ne fil.

Akwai wani Bature injiniyan sinadarai, Trevor Kletz, da ya yi aiki a kamfanin ICI na Ingila. Bayan fashewar masana'antar Filiksboro a 1974, wadda ta kashe mutum 28, ya fito da wata magana mai sauƙi da ta sauya tunanin masu wannan sana'a: abin da ba ka ajiye ba, ba zai tsiyaye maka ba. Kafin shi, hankalin injiniyoyi yana kan yadda za a tsare dodo ne, a ƙara masa sarƙa, a ƙara masu gadi, a ƙara ƙararrawa. Shi kuwa ya ce a fara tambaya tukuna, shin dole ne a ajiye dodon a gida? In ana iya musanya sinadari mai kisa da wanda ba ya kisa, a musanya. In ba a iyawa, a rage yawan wanda ke ajiye, a riƙa yin sa daidai lokacin da za a yi amfani da shi. In shi ma bai yiwu ba, a sassauta zafi da matsi, a kuma sauƙaƙa tsarin yadda ma'aikacin da barci ya fara ɗauka da ƙarfe ukun dare ba zai iya buɗe bawul ɗin da bai kamata ba.

Shekara goma bayan Filiksboro, garin Bofal na Indiya ya nuna wa duniya gaskiyar maganar. A daren 2 ga Disamba 1984 zuwa wayewar 3, kimanin tan 40 na iskar guba ta fita daga tankin wata masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide, ta bi ta kan unguwannin talakawa da ke jikin katanga, dubban mutane suka mutu a kan shimfiɗunsu da kan titi. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin Bofal shi ne cewa masana'antar tana da kayan kariya. Tana da injin sanyaya tanki, amma an kashe shi. Tana da na'urar wanke iska, amma ba a shirye take ba. Tana da hasumiyar ƙone iskar, amma ana gyaranta. Masana'anta ce da ciniki ya ja baya, ana ta tsimin kuɗi, ƙwararrun ma'aikata na barin aiki. Duk ɗan Kaduna da ya karanta wannan siffa ya san ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kuma sinadarin da ya yi kisan ba shi ne abin sayarwa ba, tsani ne kawai a tsakiyar aiki, ba wani dalilin tara shi tanki-tanki in ban da sauƙin aiki.

To mu dawo gida. Sashen LAB na matatar Kaduna an gina shi ne kan tsarin da ke amfani da wani asid mai tsananin guba da ake kira HF. Ya kamata kowane mazaunin Chikun, ƙaramar hukumar da matatar take, ya san halin wannan asid. Yana tafasa ne a zafin da bai kai digiri 20 ba, ke nan a yanayin Kaduna da ya samu kafa sai ya zama tururi ya bi iska ƙasa-ƙasa. In ya taɓa fata ba lallai ya yi zafi nan take ba, sai ya ratsa ciki ya je yana cin sinadarin ƙashi, har ya iya tsayar da zuciya. Ba a Afirka kaɗai yake ba da tsoro ba. A watan Yunin 2019 wata gwiwar bututu da aka sa tun 1973 ta fashe a sashen HF na matatar Filadelfiya a Amurka, bayan tsatsa ta cinye ta har ta fi katin banki sirantaka. Allah Ya taimaka wata ma'aikaciya ta yi saurin juye asid ɗin zuwa tankin ajiya, amma matatar ba ta sake tashi ba. Mu ma a 2024 mun ga matan Kapam, maƙwabtan matatarmu, sun tare ƙofarta suna kukan cewa wani abu da ya fito daga ciki ya ƙone musu amfanin gona ya kuma taɓa lafiyarsu.

Abin da ya sa na dage kan wannan misali shi ne akwai mafita, kuma ba sabuwa ba ce. Tun 1995 aka fara yin LAB a Kanada da wani tsari mai suna Detal, wanda ke amfani da daskararren sinadari a maimakon asid mai gudu. Daskararren abu ba ya tashi ya bi iska zuwa ɗakin mai jego. A Sifen ma an ɗauki tsohuwar masana'antar da ke aiki da HF an mai da ita kan wannan tsari, ba tare da an rushe ta gaba ɗaya ba. A Fabrairun 2023 kamfanin NNPC ya sa hannu da Daewoo na Koriya ta Kudu kan kwangilar gyaran matatar Kaduna ta kimanin dala miliyan 741. Duk lokacin da ake maganar kuɗi irin wannan, haƙƙin maƙwabtan matata ne a gaya musu ƙarara: ana niyyar ci gaba da ajiye HF a wurin ko za a rabu da shi? In za a tayar da sashen LAB, a tayar da shi ba da wannan asid ba. In ba za a tayar ba, a kwashe abin da ya rage a kashe kaifinsa a gaban shaidu. Tankin guba a masana'antar da ke barci ya fi na wadda ke aiki haɗari, domin ido ya ɗauke daga kansa, tsatsa kuwa ba ta zuwa hutu.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini shi a majalisa. Wani abokina ɗan kasuwa ya taɓa cewa, "Malam, mutane na neman abin da za su sa a baki, kai kana maganar kifin kogi. Bari aikin ya dawo tukuna." Ban raina maganarsa ba, yunwa ba wasa ba ce. Amma akwai abin da ya kuskure. Wannan ruwan kalar da muka yi wasa a bakinsa, kuɗi ne ke gangarawa kogi. Rinin da ya ba shi launi da dala aka sayo shi. Sodar da ke tsattsaga mana ƙafa da dala aka sayo ta, kuma masaƙun zamani suna tace ta su dafe ta su sake amfani da ita. Tururin da ke tashi a kan kwatar baƙin mai ne aka ƙone aka samar da shi, alhali da an bi da ruwan zafin ta jikin bututun ruwan sanyi mai shigowa, da tukunyar ta sha mai kaɗan. Masana'antar asid ɗin farar wuta kuwa zafin da take fitarwa ya isa ya juya injin lantarki, har ta ba maƙwabciyarta. Masaƙunmu sun mutu ne saboda tsadar wuta da baƙin mai da kuma atamfar fasa-ƙwauri da ta fi tasu araha. Wanda ya tayar da su da tsohon zanen da ke zubar da zafi da ruwa da sinadari, ya sake gina musu kabarin da suka fito. Ga bututun gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, zai ratsa ta Kaduna, ga rana da Allah Ya hore mana. Duk tukunyar da za a girka yanzu a girka ta da wannan lissafin.

Ba zan ɓoye ba, wani gyaran yana da tsada ƙwarai. A garin Tirufur na Indiya, cibiyar ɗinkin rigunan da ake kai wa Turai, kotu ta rufe marina sama da 700 a 2011 saboda sun kashe kogin Noyyal, ta ce ba mai buɗewa sai ya daina zubar da ko ɗigon ruwa waje. Sun sha wuya, mutane da yawa sun rasa aiki na wani lokaci. Daga baya suka haɗa kai suka inganta matatun ruwansu na tarayya, suna mai da ruwan da gishirin cikin aiki. Darasin da na ɗauka a nan shi ne sun biya kuɗin sau biyu, na gini da na gyara, ga asarar rufewa a tsakani. Mu da injinanmu ke tsaye yanzu ba mu da cinikin da za mu rasa in mun tsaya zane. Kuma tunda masana'antun Kakuri a jere suke kamar 'yan ɗaki ɗaya, ba sai kowace ta gina matatar ruwanta ba. Guda ɗaya babba ta isa, gwamnatin jiha ta ba da fili, kowane kamfani ya biya gwargwadon dattin da ya turo.

Sai dai akwai wani abu da nake ganin injiniyan da aka ɗauko daga waje ba zai sani ba sai mun gaya masa, kuma a nan ne zuciyar maganata take. Duk kariyar da ta dogara da wutar lantarki, a Kaduna rabin kariya ce. Duk matatar ruwan da sai an kunna mata janareta, ranar da dizal ya yi tsada manaja zai kashe ta da daddare ya buɗe wa kwata hanya, ba don shi azzalumi ba ne, sai don albashin ƙarshen wata na jiransa. Saboda haka zanen da ya dace da mu shi ne wanda ke kare mutane ko da wuta ta ɗauke, ko da mai gadi ya tafi sallah, ko da an yi wata shida ba a sayo kayan gyara ba. Bawul ɗin da ke rufe kansa da ƙarfin sifirin da zarar wuta ta yanke. Katangar kankare kewaye da kowane tanki, wadda za ta iya riƙe duk abin da ke cikinsa har da ƙari in ya fashe. Tankin ruwan kashe gobara a kan tudu, yadda nauyinsa kaɗai zai turo shi. Tafkunan tace ruwa da ke gangara daga ɗaya zuwa ɗaya, rana da ciyayi suna yin rabin aikin. Ƙananan tankuna maimakon ƙato guda. Waɗannan ba su da ƙyalƙyali a ranar yanke kyalle, amma su ne ke aiki a shekara ta goma sha biyar, lokacin da kamfanin da ya yi kwangilar ya daɗe da komawa ƙasarsu.

Haka ma iska. Kowane yaro a garin nan ya san hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, iskar damina kuma daga kudu maso yamma. Inda za a kafa tankin da ya fi haɗari, a duba wa ke kwance a ƙarƙashin waɗannan iskoki biyu. Filin da ya rage tsakanin shinge da gidaje kuma a daina yanka shi fuloti, a dasa masa itatuwa. Wannan aikin hukumomin filaye da tsara birni ne, kuma ya fi kowane aiki wuya, domin fili a Kaduna ya zama zinariya. Fashewar shagon gas a Sabon Tasha a Janairun 2020, wadda ta ci ran Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, ta nuna mana abin da ke faruwa in abu mai fashewa ya zauna bango ɗaya da shagon aski. Wancan shago ne guda.

Ba manyan kamfanoni kaɗai nake nufi ba. Yau masana'antar sinadarai da ta fi yawa a Kaduna tana cikin tsakar gidaje ne, a Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Mu'azu, inda mata ke haɗa sabulun ruwa da man shafawa da turaren tsuguno don rufa wa kai asiri. Salfonik ɗin da suke saye, wato asid ɗin da ke sa sabulun kumfa, shi ma daga LAB ake yin sa, wanda yanzu sai an shigo da shi. Ana auna musu shi da soda a tsofaffin gorunan ruwan sha, ba rubutu ba alama. A layinmu wata baiwar Allah ta jiƙa soda a kofin roba ta ajiye a gindin randa, ta shiga ɗaki ɗauko muciya. Kafin ta fito ɗanta ɗan shekara biyu ya kai baki. Ya rayu, amma maƙogwaronsa ya tsuke, an yi watanni ana zarya asibiti, kunu ma da kyar yake wucewa. Na je dubiya na same ta tana ta maimaita, "Minti ɗaya ne fa, Baban Amira, wallahi minti ɗaya ne." Ba wanda zai iya tsare yaro kowane minti, kamar yadda ba wanda zai iya tsare tanki kowane minti. Abin da zai hana shi ne mazubi mai murfin da yaro ba ya iya buɗewa, mai launin da ba a shan ruwa a irinsa, da kanta a sama, da kuma masu koyar da sana'ar su fara da wannan darasi kafin su kai ga yadda ake sa kumfa.

Masu ilimin yin duk wannan muna da su. Sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana yaye ɗalibai, ga na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ga cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando. Da yawa daga cikin yaran nan suna gama karatu su koma sayar da kati ko POS. Me zai hana duk kwangilar farfaɗo da masana'anta ta zo da sharaɗin cewa su za su zauna a teburin zane, su kuma riƙa auna ruwan kwata da iskar unguwa duk wata, a manna sakamakon a ƙofar fadar hakimi? Ga kuma tsofaffin ma'aikata, waɗanda suka san wane bututu ne ke gumi da damina, wane famfo ne ke ƙara kafin ya mutu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suna nan a Kakuri suna tsufa, kullum ana rage ɗaya, ba wanda ya zo da littafi ya tambaye su.

Hukumomin sa ido kan muhalli, NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007 da KEPA ta jiha, ina roƙonsu abu guda da ba ya cin kuɗi mai yawa. Doka ta ce a baje rahoton tasirin muhalli na kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su yi magana. Rahoton kan zo ne da Turancin injiniyoyi, kaurinsa kamar bulo, a ajiye shi a wani ofis. Manomin Rido ba zai je ba, in ya je ma ba zai karanta ba. A taƙaita shi da Hausa da Gbagyi, a karanta a rediyo, a karanta bayan sallar Juma'a da bayan sujada ranar Lahadi. A gaya wa mutane sunan abin da za a ajiye kusa da su, da yawansa, da irin warinsa. A koya musu cewa in jiniya ta yi kuka ba a gudu gaban iska, gefenta ake ratsawa, a toshe hanci da jiƙaƙƙen tsumma. A gwada wannan da 'yan makaranta sau ɗaya a shekara. Asibitocin da ke kusa kuma a tabbatar suna da maganin ƙunar kowane sinadari da ke maƙwabtaka da su, kamar man kalsiyam da ake shafa wa wanda HF ya taɓa, kuma kamfanin ne zai saya, ba majinyaci ba. Wasu manajoji na ganin faɗa wa jama'a gaskiya zai tayar da hankali. A ganina hankalin da ya tashi da rana a wurin taro ya fi sauƙin kwantarwa a kan wanda ya tashi da tsakar dare.

Da ranin da ya wuce na koma bakin kwatar nan tare da 'yata. Ruwan ya daina canza launi, yanzu baƙin ruwan unguwa ne da ledoji. Na nuna mata inda muke tsayawa muna canka, ta kasa gane me ya sa abin ke ba mu sha'awa. Muka gangara wajen lambu muka tarar da wani dattijo yana cirar albasa, muka gaisa, hira ta kai mu ga maganar da ake ta yi ta tayar da masaƙu. Na ce, "Baba, kana son su dawo kuwa?" Ya miƙe ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Su dawo mana, ɗana. Samari biyu gare ni a gida ba aikin fari ba na baƙi." Sai ya nuna mini wata 'yar rijiya a gefen bukkarsa, an rufe bakinta da tsohon kwano. Ya ce, "Amma in kana da hanyar isar da saƙo, ka gaya musu wannan gaba biyu ce kawai zurfinta, kuma ita muke sha, ni da jikokina."